Jinkar da Barau Ya Baibaye a Ƙasa

Barau taubashina ne, saboda haka ina da izinin zaginsa ko yana cikin kabari. Uwarsa ƙanwar ubana ce. Tun muna yawo tsirara nake ce masa bawana, shi kuma yana ce mini Talatu mai bakin aska, kuma a cikinmu babu wanda ya yi wa wani ƙarya.

A Gidan Jatau aka haife shi, wata unguwar Maguzawa da ke bayan Ƙetare. Mu mutanen dawa ne da giya. Namiji ya yi nomansa, mace ta yi nata, a cika rumbu, a jiƙa dawa, a sha, a yi faɗa, gari ya waye a gaisa. Barau bai gaji noma ba. In ya yi huɗa sai ka rantse maciji ne ya ratsa gonar cikin maye. Ubansa ya doke shi har ya gaji, daga baya ya miƙa shi ga wani tsoho mai yin jinka, don dai ya daina ganinsa a gona. To, nan aka dace. Hannun da ya kasa riƙe garma, da ya taɓa gora da igiyar rama sai ya zama hannun wani mutum dabam. Kafin ya yi gemu, daga Ƙanƙara har Ruwan Godiya, duk mai son ɗakin da ba zai yi yoyo ba, Barau yake aika wa. Ba ya magana sosai. Yana da manyan kunnuwa da ƙaramin kai, in ya hau jinka daga nesa sai ka ce tulu aka kifa a kan ɗaki. Ya auri Larai, wadda ke yin maganar mutum biyu, gidan ya daidaita.

Waɗanda suka tashi ƙarƙashin kwano ba su san yadda ake yi ba, bari in faɗa musu. A ƙasa ake ɗaure tsaiko, wato ƙashin jinkar: gora a tsaitsaye an haɗa kawunanta a sama, an zagaye ta da tanka, wato siraran sanduna da ake lanƙwasawa a ɗaure. Tsaiko ba shi da wani nauyi. Maza su kewaye shi, su ɗaga, su aza a kan bango. Sai ya zauna daram sannan mai baibaya zai hau da yantacciyar ciyawa, wadda aka saƙa da igiya, ya rufe daga gindi zuwa sama. Haka ake yi tun kaka da kakanni. Kuma ɗaukar tsaiko gayya ce, gayya kuwa a wurinmu ba ta da uwa ba ta da uba sai tulun giya. Ka kira maza ba ka dafa ba, kamar ka kira su ka zage su ne.

Bishara ta shigo Gidan Jatau ta ƙafar Barau. Gyambo ne ya kama shi a ƙwauri, aka yi yanka, aka yi turare, aka cinye awakin ubansa, gyambo sai ƙiba yake. Ya tafi asibitin mishan yana ɗingishi, ya daɗe, ya dawo da ƙafa lafiya lau da wata waƙa a baki. Ya tafi da gyambo ya dawo da Yesu. Bai iya wa'azi ba, in ya fara sai ya ɓata a tsakiya ya koma sosa kai. Ƙafar ce ta yi masa wa'azin. Mutane suka riƙa zuwa kallon tabon. Wanda ya fi muhimmanci cikin waɗanda suka bi shi ne Baba Gide, mai gidan da ya fi kowanne yawan maza a unguwar, tsoho mai murya kamar ana buga turmi. Da ya bi, 'ya'yansa da ƙannensa suka biyo shi kamar tumaki. Ni ma na bi, don in ga ƙarshen abin, ga shi har yau ina kallo.

Shekarun farko sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Muna sujada ƙarƙashin wata ɗorawa. 'Yan'uwanmu da suka tsaya wa tsafi suna cewa mun sayar da kakanni da ƙwayar magani, a kasuwa kuma ana nuna mu da baki. Wanda ake yi wa dariya daga gabas da yamma ba shi da lokacin yi wa ɗan'uwansa. Tuwo ɗaya muke ci. In ruwa ya sauko ana tsakiyar addu'a, sai a watse da gudu ana cewa amin a hanya.

Sai aka aiko mana mai bishara, Malam Almu. Ɗan wajen Ruwan Godiya ne, Bamaguje kamar mu, an kai shi makarantar Littafi ya dawo da farar riga da keke. Kada in ci amanarsa, yaron kirki ne. Shi ya koya wa yaranmu karatu, shi yake wanke wa tsofaffi miki da hannunsa ba ya yamutsa fuska. Amma in aka ambaci giya sai jijiyar wuyansa ta tashi. Kowa ya san dalili. Ubansa ya dawo daga gidan giya ya faɗa cikin wuta, Almu yana yaro yana kallo. Ya ce mana baftisma da giya ba su zama a jiki ɗaya. Baba Gide ya ce ya bar tsafi, ya bar yanka baƙin bunsuru, ya bar rantsuwa da aradu, amma giya abinci ce, bai taɓa jin an ce a bar tuwo ba. Aka yi ta jan maganar ana dariya. Mun ɗauka irin gardamar da ake yi a gindin bishiya ce.

Shekarar da aka ce Sarauniya ta zo Kaduna, da rani, muka ce mun gaji da gudun ruwa, za mu gina ɗakin sujada. Zagayayye, irin namu, amma babba, wanda zai ci mu duka har da waɗanda ba a haifa ba. Maza suka kwaɓa ƙasa, mu mata muka yi ta jidar ruwa daga rafi har wuyanmu ya shige cikin kafaɗa. Mai sha da marar sha, laka ɗaya suka taka. Bango ya tashi, ya bushe, abin sha'awa. Barau ya ce gorar nan kusa ba za ta kai ba, ya tafi har ƙoramun wajen Sabuwa ya saro dogaye. Maƙwabcinmu Malam Harisu, Musulmi ne mai jakuna, shi ya jawo masa su. Barau ya ɗaure tsaikon da ba a taɓa ganin irinsa ba a ƙasar, a fili, dab da bangon. Mutane na zuwa daga Faskari su tsaya su riƙe baki.

Ranar Lahadi bayan sujada Baba Gide ya gyara murya.

"To, madalla, aiki ya yi. Asabar mai zuwa sai a ɗauka. Na sa mata sun jiƙa dawa."

Malam Almu ya ce, "Dawar mi, Baba?"

"Ta shuka, Malam. Cikin tulu za mu shuka ta."

Aka fashe da dariya. Malam bai yi ba.

"Baba, ɗakin Ubangiji ne. Ba za a aza mashi jinka da hannun da ya riƙe ƙoƙo ba."

"Hannun da ya riƙe ƙoƙo shi ya kwaɓa bangon ga. Ka rushe mana."

"Da ana haƙuri da ku ne, don kuna jarirai cikin bi."

"Jarirai! Kai yaro, ni na sha giyar sunanka. Ubanka ya ba ni da hannunshi."

"Na sani, Baba. Ita ta kashe shi."

Da Baba Gide ya ce yi haƙuri, da an wuce wurin. Da Malam ya ce a bar maganar sai gobe, da an wuce. Amma tsoho ya ji kunya, kunyar tsoho kuwa fushi take zama. Ya kaɗe rigarsa ya tashi, gidansa kaf suka tashi tare da shi.

Lahadi ta gaba sujada biyu aka yi. Malam da nasa a gindin ɗorawa, Baba Gide da nasa a gindin wata tsamiya can ƙetaren fili, inda kowa ke jin waƙar kowa. Ba a daɗe ba Baba ya aika wajen Funtuwa a nemo musu wani malami daga wata mishan, wadda aka ce ba ta ƙirga wa mutum ƙoƙo. Yara suka raɗa musu suna, na Malam 'yan kunu, na Baba 'yan ƙoƙo, sunan ya bi su har yau. Ni inda inuwa ta fi nan nake zuwa. Mu mata dai turmi ɗaya muke daka, rafi ɗaya muke zuwa, a can muke sanar da juna abin da mazan suka ƙulla.

Abin da suka ƙulla kuwa iri ɗaya ne. Kowane ɓangare ya ce bangon nasa ne, kuma kowanne yana da mazan da za su iya ɗaukar tsaikon su kaɗai. Wanda ya riga azawa, ɗaki ya zama nasa. 'Yan kunu suna jiran wasu su dawo daga cin rani, 'yan ƙoƙo suna jiran giya ta nuna. Larai ta kai wa Barau labarin duka biyun da tuwon dare. Ta ce da ya ji sai ya bar tuwon.

Washegari zan tafi itace na hango tulu a kife a kan tsaiko. Bawana ne ya hau, tsaikon na ƙasa, yana shimfiɗa ciyawa yana ɗaurewa.

Na ce, "Kai bawa, haukan ya kai nan? Wa ya taɓa baibaya a ƙasa?"

Ya ce, "Ni."

"Wa zai ɗaukar maka wannan giwar?"

"Su duka." Ya ja igiya da haƙori. "Yanzu 'yan kunu na iya ɗauka su kaɗai, 'yan ƙoƙo ma haka. In na gama, sai an haɗu."

"In ba a haɗu ba fa?"

"Ruwa na tahe, Talatu. Wanda ya taka laka da ƙahwarshi ba ya tsayawa shi ga bango na narkewa."

"Ciyawa ka sani, ba ka san mutane ba."

"Ke da kika san su, mi kika gina?"

Wannan ita ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini, kuma sai da na kai daji amsarta ta zo mini, lokacin ba ta da amfani.

Kowa ya iya cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ana faɗa a gaban alƙali, ana faɗa wa yara masu faɗa. Barau kaɗai na taɓa gani ya ɗauki maganar da gaske har ya kafa tarko da ita. Bai yi baibayar wasa ba. Ciyawar da ya tara ta ɗaki uku duk ya zuba mata, ya ninka, ya sake ninkawa, ya matse. Da ya gama sai ga wani tsauni zaune a fili, sumul, ko tsinke bai fito ba. Ban taɓa ganin aiki mai kyau da wauta kamarsa ba.

Malam Almu ya zo ya zagaya ta, ya sa kafaɗa ya gwada, ko motsi. Ya ce, "Baba Barau, wannan ba bangaskiya ba ce, dabara ce." Baba Gide ya zo ya zagaya ta, ya tofar da yawu, ya ce, "Wato mu za ka ɗaure da igiya kamar gora." Dukansu sun gane, kuma dukansu suka ji haushinsa. Ga shi nan, ya haɗa kansu a kan abu ɗaya.

Bazara ta shigo da zafinta. Barau ya bar karɓar aiki, ya koma ɗan aike tsakanin ɗorawa da tsamiya, mutumin da gaisuwa ma wahala take ba shi. Ya ce to a sha kunu a wurin aiki, wanda ke son giya ya je gidan Baba Gide bayan an gama. Malam ya ce wanda zai sha da la'asar ya riga ya sha a zuciyarsa tun da safe. Baba ya ce ba zai ɓuya kamar ɓarawo don ya sha dawar da ya noma ba. Barau ya ce to kada a sha komai, ko ruwa. Baba ya ce wannan ba gayya ba ce, aikin tilas ne, shi kuma ya gama da aikin tilas tun na hanyar mota. Malam ya ce shi bai hana kowa zuwa ba, a zo a tuba a gaban jama'a kawai. Kowace magana in ka ji ta ita kaɗai sai ka ce mai ita yana da gaskiya. Gaskiya ta yi mana yawa a Gidan Jatau shekarar nan, har muka rasa inda za mu zauna.

Hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma yana komawa. Malam Harisu mai jakuna ya zo wucewa ya ga jinka a ƙasa, bango a buɗe, ya tsaya.

"Barau, in ɗauka ce ta gagara, in yi magana bayan Juma'a. Samarinmu na da yawa. Ba mu son kunu ba mu son komi, mu aza maku mu tahi."

Larai ta ce, "Allah shi saka, Malam, ku zo gobe!"

Barau ya ce, "Na gode, Malam. Amma in kun ɗauka, don mi na baibaye?"

Malam Harisu ya dube shi, ya dubi sama, ya ce, "To, Allah shi daidaita ku." Ya kora jakunansa. Larai ta yi ta zagin mijinta har maƙwabta suka fito, ni kuma na taya ta inda ta gaji.

Ruwan farko ya zo da ƙarfinsa, irin mai tumɓuke dangar gida. Da ya ɗauke muka fita dubawa. Bakin bangon ya zube ta gabas kamar an gatsa, wata tsaga ta sauko har kusa da ƙasa. Jinkar kuwa ta sha ta ƙoshi. Ciyawar da aka ninka uku in ta jiƙe, ku tambayi wanda ya taɓa ɗaukar dami daga fadama.

Barau ya yi murna, wawan. Ya ce yanzu za su ji tsoro su zo. Tsoron kam an ji, amma ba irin wanda ya shuka ba. Malam Almu ya tara nasa ya ce Ubangiji ba ya bukatar yawa, da kaɗan yake aikinsa, gobe da safe za su ɗauka. Barau ya je ya durƙusa masa, yaron da ya haifa a shekaru.

"Malam, ta jiƙe. Ko ku duka ne sai ta sha rana. Ku kaɗai ba ku iyawa."

"Baba Barau, kai ka sa ta yi nauyi. Ka bar mu da Allahnmu."

"Bari in koma wurin Baba Gide sau ɗaya."

"Ka koma sau nawa?"

Da hantsi suka taru. In ka cire samari kaɗan, sauran 'yan kunu tsofaffi ne da masu tari, har da wani mai ido ɗaya. 'Yan ƙoƙo kuma suka fito da tulunsu suka zauna a gindin tsamiya, wai shan iska. Giyar da aka dafa don ɗaukar jinka ita suka zo sha suna kallon ɗaukar jinka. Mu mata muka tsaya a tsakiya da tulunan ruwa a ka, kowace tana kallon nata.

A ɗaukar babban tsaiko akwai wanda ke shiga ciki da doguwar gwafa, ya tokare tsakiya, yana faɗa wa na waje inda za su karkata. Aikin mai jinka ne. Barau ya ɗauko gwafarsa. Larai ta riƙe masa riga.

"Ba kai ka ce ba su iyawa ba? Ina za ka?"

"In ban shiga ba ta kihe da su."

"Ta kihe mana! Su suka so."

Ya ɓamɓare hannunta a hankali, ya rarrafa ya shige ta ƙarƙashi.

Malam ya yi addu'a mai tsawo, suka sa hannu. Ta ƙi, ta ƙi, sannan ta saki ƙasa da wani irin nishi. Ta kai gwiwa. Ruwa na zuba daga ciyawar yana bin hannayensu. Ta kai ƙugu, ta hau kafaɗa, na ga ƙafafun tsofaffi suna rawa kamar na ɗan maraƙi. Muryar Barau na fitowa daga ciki, "Hagu, hagu, sannu, ku daidaita." Na ce a raina kai, ko dai yaron nan yana da gaskiya. Suka fara takawa. Filin kuwa laka ce. Mai ido ɗayan ya zame, na kusa da shi ya bi shi, gefen ya sauka. Muka ji gwafa ta karye. Na waje suka yi tsalle baya, kowa ya tsira. Jinkar ta zauna, tankar gindi ta sauka a kan ƙugun Barau, rabinsa a waje rabinsa a ciki.

Ihun Larai bai gama fita ba na ga ƙoƙuna suna tashi sama a gindin tsamiya. 'Yan ƙoƙo suka sheƙo, Baba Gide da tsufansa yana gaba. Babu wanda ya tambayi wani abin da ya sha. Suka cusa kafaɗu tsakanin na 'yan kunu, Baba ya daka tsawa ɗaya, jinkar ta tashi sama kamar faifai. Ni da Larai muka ja Barau ta hammata muka fitar da shi.

Ga su nan tsaye, su duka, jinka a kafaɗa, bango ga shi dab da su. Barau yana kwance cikin laka, fuskarsa ta koma toka, ya ɗaga kai ya gani. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar.

"Ku wuce da ita! Ga bango nan! Don Allah ku wuce da ita!"

Na rantse sun fara. Na ga ƙafafu sun motsa. Sai Nata'ala, babban ɗan Baba Gide, wanda kafaɗarsa ke manne da ta Malam Almu, ya juya ya huro masa numfashi a fuska yana dariya.

"Ka gani, Malam? Ƙarhin giya ke nan."

Malam ya rufe ido. Ya ce, "A sauke."

Baba Gide ya ce, "Kun ji mai ɗaki. A sauke mashi."

Suka sauke ta a hankali, tare, daidai wa daida, ko tsinke bai goce ba. Ban taɓa ganin an sauke jinka da kyau haka ba. Sannan suka koma gardamar wanda ya jawo, a kan Barau, yana kwance. Sai da Larai ta ɗebo laka ta watsa musu suka tuna a ɗauke shi.

An kawo maɗori daga Ƙetare ya yi iyakar yinsa. Ƙugun ya haɗe a karkace, ƙafa ɗaya ta shanye. Barau bai sake hawa ɗaki ba, bai sake tafiyar da ta wuce ƙofar gida ba sai da jan gindi. Malam Almu ya riƙa zuwa kullum yana gasa masa wurin, yana kuka, kuma na yarda kukan gaske ne. Baba Gide ya aiko da damin dawa da akuya, ya sa 'ya'yansa suka nome gonar Larai. Kowannensu ya yi masa duk abin da ake yi wa ɗan'uwa, ban da abu ɗayan da ya roƙa. In Malam na ciki, ɗan aiken Baba sai ya jira a waje.

Da marka ta kankama bangon ya zauna, gefe bayan gefe. Daga gidan Barau ana jin faɗuwarsa. Jinkar ta daɗe a fili, awaki na kwana ciki, gara na ci ta ƙasa, har ta durƙushe. Gorar Sabuwa ta ƙare a murhu. Matan 'yan kunu da na 'yan ƙoƙo tare muka riƙa zara, ni ma na dafa daddawa da ita, tana da ci.

Ranar Lahadi ɓangarorin biyu sukan aiko a ɗauke shi zuwa sujada, don kowanne na son a ga Barau a wurinsa. Ya ce ƙugunsa ba ya son ɗauka. Larai takan je ɗorawa wannan mako, tsamiya mako mai zuwa, ta dawo ta ba shi labarin wanda ya yi gyangyaɗi. Shi kuma ya yi waƙarsa ta asibiti shi kaɗai, da muryarsa mai kama da ta jaki mai mura.

Da rani ya zagayo kowane ɓangare ya gina nasa ɗaki, ƙarami, ɗaya a gabas da tudun tsohon bangon ɗaya a yamma. Kuma don ku san mutum ba shi da kunya, duka biyun suka aiko wa Barau da ciyawa da igiya, wai babu mai yanta kamarsa. Na je na same shi zaune a tabarma, ƙafa a miƙe, dami biyu a gefensa, yana yanta musu.

Na ce, "Ashe har zuciyar ta karye, ba ƙugu kaɗai ba? Ni ce da na cinna wa ciyawar wuta."

Ya ce, "Yara za su zauna ciki."

Daga zaune ya gaya musu yadda za su ɗaure tsaiko, aka riƙa jawo masa gora yana duba ɗaurin. Da suka zo sallama ya ce wa kowannensu magana ɗaya: su aza tukuna, sannan su baibaye.

Mako guda aka ɗauki duka biyun. Ƙananan tsaiko ne, maza kaɗan suka isa. 'Yan kunu suka ɗauki nasu da waƙa suka sha kunu, 'yan ƙoƙo suka ɗauki nasu da guɗa suka sha giya, kowa ya koma gida yana cewa Ubangiji ya taimake shi. Barau yana jin hayaniyar daga tabarmarsa. Da na shigo ya tambaye ni ko sun zauna daidai. Na so in ce masa sun karkace, ko ya ji sanyi. Amma na duba da idona, kuma da damina ta zo na shiga kowanne ana ruwa. Ko ɗigo babu. Na ce masa sun zauna. Ya ce to, ya juya fuskarsa bango.